Zuwa ga ƙanena mai son "aikin kyamara" a Ingila

Saƙonka ya iso, har da muryar Hajiya tana cewa in taimaka maka. Ka ce ka gama HND, ka ga hotona a Facebook jikin mota da na'ura, kana so in samo maka irin aikin. To kafin a sayar da filin Ƙofar Ƙaura saboda kai, bari ka ji abin da kyamarar nan take kallo.

Kashi take kallo, ƙanena. Ina ɗaga murfin rami a gefen gida, in zura ƴar kyamara da ke bakin doguwar waya cikin bututun da ke kwashe ƙazantar gidan ta ƙarƙashin ƙasa, ina turawa ina kallon allo ina rubuta mita nawa na shiga da abin da na gani. Yawanci mai shirin sayen tsohon gida ne ke kiranmu don kada ya sayi matsala. Gidajen zamanin Sarauniya Victoria bututunsu na gasasshen yumɓu ne, guntu-guntu aka haɗa, to ta mahaɗar nan saiwar bishiya ke kutsawa tana neman ruwa, sai ka gan ta a allo ta cika bututu kamar gashin da aka tsefe, ga ɓera ya tsaya yana kallon fitilarka ko gezau. Bututun da suka fi ba ni haushi su ne na shekarun 1950 zuwa 1970, da aka yi da zaren katako aka jiƙa da kwalta, ruwan zafi da nauyin ƙasa sun sa sun kumbura sun lotse, kyamara ta maƙale kana ja kana salati, don kuɗinta ya fi albashinka. Kuma dole ka san doka, tun Oktoba 2011 bututun da gidaje suka haɗa kai a kansa ya koma hannun kamfanin ruwa, in ka sa mai gida ya biya gyaran da ba nasa ba kai za a kama.

Turawan nan da ake ta yabo wajen tsafta, mai da kitse da tsumman goge jarirai suke antayawa cikin magudana. A 2017 a Whitechapel ta Landan an tarar da dunƙulen kitse mai nauyin tan 130.

Abin da ba a faɗa maka shi ne salla. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk suna riskarka kana kan aiki da najasa a kaya, sai ka canza sutura a bayan mota cikin sanyin da yatsu ba sa lanƙwasuwa. Duk da haka wani a zaurenmu ya ce wai yasar masai na tafi yi Turai. Na ji, kuma da kuɗin masan aka yi wa gidan rufi.

Maganar biza kuwa, ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma ba shi da izinin yin sana'ar kansa. Bizar ma'aikata tun Yulin 2025 albashin da ake nema ya kai fam 41,700 a shekara, ni dai ban taɓa ganin kamfanin magudana ya ɗauko sabon yaro daga Najeriya a kan wannan kuɗi ba, duk ejan ɗin da ya ce zai yi maka ka riƙe kuɗinka. Lasisin tuƙinka na gida ma wata 12 zai yi maka, daga nan sai ka ci jarrabawarsu, kuma ba lasisi ba aiki.

In har yanzu kana so, je ka kama koyon aikin famfo wurin wani maigida nan Katsina, ka iya tuƙi sosai, sai mu sake magana. Ka ce wa Hajiya kuɗin maganinta na nan tafe ƙarshen wata.