Wane Kafet Zan Shimfiɗa? Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan karon duk a kan shimfiɗar ƙasa suke, kuma ban yi mamaki ba, tunda lokacin bukukuwa ya ƙarato, masu jere sun fara zirga-zirgar kasuwa. Na zaɓi guda biyar da nake ganin amsarsu za ta amfani sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Bikin 'yata ya matso, mun gama da gado da kujeru, saura kafet ɗin falo. Ita ta nuna mini wani a waya, fari sol mai dogon gashi da layi-layin baƙi, ta ce shi ake yayi. Ni kuma hankalina ya fi kwanciya da ja mai fulawa, irin wanda alhazai ke zuwa da shi daga Makka. Kujerun ruwan ƙasa ne masu zanen ganye, ƙasan falon tayil ne. Wa za a bi?
*Wata uwa, daga Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya, ya ba su zaman lafiya.

Kafin a shiga gardamar fari da ja, ki tura wani da tef ya auno falon, tsawo da faɗi, ya duba kuma ko ƙofa ciki take buɗewa. Sau da yawa sai ranar jere ake gano kafet ya yi kaɗan, ya tsaya tsakiyar ɗaki shi kaɗai ba ya taɓa ko kujera ɗaya, ko kuma ya yi yawa har ana naɗe bakinsa a jikin bango. Yawancin waɗanda ke shigowa kasuwa girmansu sananne ne: santimita 160 da 230, 200 da 290, 240 da 340, sai 300 da 400. Abin da ake so shi ne ƙafafun gaba na kujeru su hau kansa, sannan a bar kamar taku ɗaya ko ɗaya da rabi na tayil a fili tsakaninsa da bango. In kina kokwanto tsakanin girma biyu, ɗauki babban. Kin san ɗakin amarya: 'yan ganin ɗaki za su cika shi, kujeru ba za su isa ba, a ƙasa mafi yawa za su zauna, kuma haka za a ci gaba duk ranar suna da ranar Sallah.

To, sai maganar farin. Wannan salon na Maroko ne, saƙar ƙabilun Beni Ourain da ke tsaunukan Atlas. Da gashin tumaki suke yinsa, da kauri da dogon gashi, saboda wurin da suke ana tsananin sanyi har da dusar ƙanƙara. Wanda ake sayarwa a nan galibi kwaikwayo ne na inji da zaren roba. Yana da kyau, ban musa wa amarya ba. Amma ki tuna mata hunturun Kano. Daga Nuwamba har wajen Fabrairu ƙura ba ta neman izini, ko an rufe taga sai ta shigo. Dogon gashi yana haɗiye ƙura da yashi da ɓurɓushin abinci, tsintsiya kuma sama-sama take bi, ba ta kaiwa gindin zaren. Sai da injin zuƙar ƙura, shi kuma sai da wuta. Ba a daɗewa wurin da ake yawan takawa yake kwantawa ya yi duhu, gefe kuma yana nan fari, sai hanyar ƙafa ta fito ɓaro-ɓaro.

Naki ma, Hajiya, akwai abin dubawa. Ja mai duhu yana ɓoye tabo, amma yana tona farar ƙura da zare-zaren tufafi. Babbar matsalar kuma ita ce kujerun nan masu zanen ganye. Kamar atamfa ce mai manyan zane: mayafi mara ado ake ɗora mata. In kujeru da labule suna da zane, kafet ya zama mai natsuwa. In su ne marasa zane, to a nan ne mai fulawa da babban tambari a tsakiya yake fitowa da kyau.

Da ni ce, zan nemi mai gajeren gashi, mai ƙananan zane da suka bazu ko'ina, launinsa tsaka-tsaki kuma gauraye: ruwan madara da ruwan ƙasa da ɗan ruwan toka, in da hali da ɗigon launin da ke jikin labule. Launin da ya yi kusa da na ƙurar garinku shi ne zai fi daɗewa yana kama da sabo. Farin kuma kada a hana ta gaba ɗaya. A saya mata ƙarami, 120 da 170, a shimfiɗa gefen gado a uwar ɗaka inda ba a shiga da takalmi kuma ba a cin abinci. Ki kuma tafi da ita kasuwar, ko ki tura mata hotunan guda uku da kika yarda da su ta zaɓa. Ita za ta share shi kullum, ya kamata ya zama wanda take so.

Tambaya: Wani mai shago ya nuna mini kafet ya ce ɗan Iran ne, saƙar hannu, har da siliki a ciki. Kuɗinsa ya ninka na kusa da shi sau uku. Yana da sheƙi sosai. Yaya zan gane gaskiya?
*Wani magidanci, daga Kaduna*

Amsa: Malam, ka ce a kife maka shi. Bayan kafet ne ke faɗin gaskiya. A saƙar hannu, kowane ƙulli da yatsa aka ɗaura shi, saboda haka zanen yana fitowa a baya sarai kamar a gaba, kuma in ka ƙura ido za ka ga ƙulle-ƙullen ba su daidaita tsaf ba, wani layin ya ɗan karkace. Yana lanƙwasuwa a hannu kamar bargo mai nauyi. Na inji kuwa bayansa layuka ne miƙaƙƙu ba kuskure, sau da yawa da taurin gam a jiki. Ka duba gezar bakinsa ma: a na hannu, gezar ita ce ƙarshen zaren tsaye da aka yi saƙar a kai, daga cikin jikinsa take fitowa, a na inji ɗinka ta ake yi daga baya, za ka ga ɗinkin.

Ka sani kuma cewa "ɗan Iran" da "saƙar hannu" ba abu ɗaya ba ne. Garuruwa irin su Tabriz da Isfahan da Kashan sun yi suna a saƙar hannu tun ƙarnoni, amma yankin Kashan ɗin nan cike yake yau da masana'antun kafet na inji. Idan ka ga an rubuta 700 ko 1000 ko 1200 a takardar da ke manne a baya, lambar cikar saƙar inji ce. Yadda lambar ta ƙaru, haka zaren ke ƙara matsuwa, zanen ke ƙara fitowa. Kafet masu yawa da ake kira 'yan Turkiyya kuma daga Gaziantep suke, birnin da ya shahara da kafet na inji, kuma suna buga zanen Iran ɗin tsaf.

Maganar siliki ita ce ta fi damuna. Sheƙi ba shaida ba ne. Akwai zaren da ake kira biskos, daga itace ake sarrafa shi, yana ƙyalli kamar siliki, amma ruwa abokin gabansa ne: in shayi ya zuba, wurin yakan yi tauri ya canza launi, kuma da wuya ya dawo. In mai shagon ya yarda, a zare ɗan silin zare daga gefe a kusanta shi da ashana. Ulu da siliki na gaske suna warin ƙonannen gashi, su bar toka mai murmushewa. Biskos yana warin ƙonanniyar takarda. Zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Kada ka ɗauka ina kushe na inji. Ga gida mai yara da baƙi, mai kyau daga cikinsu ya wadatar, ni ma shi nake ba yawancin mutane shawara. Abin da ba na so shi ne ka biya kuɗin saƙar hannu a ba ka na inji. In bayansa ya nuna na inji ne, ka taya shi a farashin 'yan uwansa.

Tambaya: Anti, yarana huɗu, a ƙasa muke cin abinci. Maigida yana so a malale falon da kafet bango zuwa bango. Ni kuma ina tunanin manja da fitsarin yara. Me kika gani?
*Wata 'yar uwa, daga Zariya*

Amsa: 'Yar uwa, tunaninki daidai ne, kuma ki faɗa wa maigida cikin lalama. Kafet ɗin da aka malale aka kafe ba ya fita waje. Duk abin da ya zuba yana ratsawa ya kwanta a ƙasansa, da damina kuma danshi ya haɗu da shi ɗakin ya ɗauki wari, turaren wuta ba ya kashe shi, rufe shi kawai yake yi na ɗan lokaci. Ga kuma maganar tsarki: wurin da yaro ya yi fitsari yana buƙatar ruwa sosai, ruwan kuma ba shi da hanyar fita. Ki nemi wanda mutum biyu za su iya naɗewa su fitar tsakar gida. In falon babba ne, gara biyu matsakaita iri ɗaya da ɗaya ƙato da ba ya ɗaguwa.

Zaren roba da ake kira folifurofilin ba ya shan ruwa, don haka kunu da shayi da zoɓo suna fita da sauƙi in an yi hanzari. Rauninsa mai ne, yana kama maiƙo ya riƙe. Saboda haka ledar cin abinci ba ta da madadi, a shimfiɗa ta kullum kafin a ajiye kwano. In manja ya zuba duk da haka, kada ki goga, gugar ce ke tura shi ciki. Ki kwashe na sama da cokali, ki barbaɗa garin sitaci ko hoda ya tsotse, ki share, sannan ki bi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke kina dannawa da tsumma daga gefen tabon zuwa tsakiya. In kin wanke gaba ɗaya, ki shanya shi a kife, bayansa na kallon rana, don zafin ranarmu yana cin launi, kuma kada ya koma ɗaki sai ya bushe ƙarau.

Wajen zane, ki guji mara zane kwata-kwata, ko wane launi ne. Mai ƙananan zane masu yawa, launi uku ko huɗu a gauraye, shi ne ke rufa wa uwar yara asiri. Kuma kada ki raina tabarma. Da bazara, in zafi ya tsananta a watan Afrilu, naɗe kafet a shimfiɗa tabarmar kaba ya fi daɗin zama nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ɗakina ƙarami ne, ciki ɗaya. Ina son mai babban tambari a tsakiya. Zai yi?
*Wata ɗaliba, daga Maraɗi*

Amsa: Ƙanwata, irin wannan zanen yana son fili. An tsara shi ne don a ga tambarin a tsakiya da iyakar da ta kewaye shi. A ƙaramin ɗaki katifa za ta rufe rabi, akwati ya rufe kusurwa, abin da ya rage ya zama kamar an shimfiɗa shi a karkace. Ki ɗauki mai zanen da ke maimaituwa, irin salon Bukhara mai jerin ƙananan tambura, ko mai ratsi-ratsi. Ko'ina aka rufe, sauran yana nan daidai. Launi mai haske yana sa ɗaki ya yi kamar ya fi girmansa. In ƙasan tayil ne, ki sa 'yar shimfiɗar roba a ƙarƙashi saboda santsi.

Tambaya: Na ga kafet na gwanjo masu kauri da araha, ina so in sa a ɗakin da muke salla a gida. Akwai matsala?
*Wani dattijo, daga Katsina*

Amsa: Baba, ana dacewa a gwanjo, wani lokacin har ulu na gaske ake samu. Sai dai a duba da kyau. A buɗe shi gaba ɗaya a hasken rana, kada a yarda da ganin kusurwa ɗaya a cikin shago. A shinshina, warin danshi ko na dabba da wuya ya fita. A buɗa gashin da yatsa a bi bakin ɗinki ana neman kuɗin cizo da ƙwansa, don in suka shiga gida fitar da su aiki ne babba. A lanƙwasa bayan, in yana ƙara ko yana zubar da gari, gam ɗin ya mutu, kafet ɗin ya kusa ƙarewa. Tunda kuma ba a san inda ya fito ba, a wanke shi tas a shanya kafin a yi salla a kai.

Game da zane, ga ɗakin salla mafi sauƙi shi ya fi. Ya zo a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar ya ce a mayar wa Abu Jahm a karɓo masa mara zane, domin zanen ya ɗauke masa hankali a sallarsa. Don haka a nemi mai launi ɗaya mai sanyi, ko mai layin sahu kawai, a kauce wa mai hoton dabba ko tsuntsu. A zaɓi mai gajeren gashi matsattse yadda goshi zai tabbata a sujada, in kuma gwiwa na damun ku, a sa siririyar katifar soso a ƙarƙashinsa maimakon a nemi mai dogon gashi. Idan mai layin sahu ne, a tabbatar da alƙibla a ɗakin tukuna, a auna ta wannan fuskar, sannan a yanka.