Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a jirgin sama?

Tambaya: Tikitin umara da ɗana ya yanka min ya nuna za mu tashi Kano ƙarfe 10 na dare, mu sauka Jidda 4:45 na asuba, kusan awa bakwai ke nan. A dawowa kuma mu tashi 2 na rana, mu iso 4:45 na yamma, bai kai awa uku ba. Shin hanyar dawowa ta fi kusa ne? Daga wata Hajiya a Fagge.

Amsa: Hajiya, hanyar ɗaya ce, agogo ne ya ruɗe ki. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma ko wane lokaci a tikiti ana rubuta shi ne da agogon garin da jirgi yake. Ki cire awa biyu a zuwa, ki ƙara awa biyu a dawowa, za ki ga duka biyun awa huɗu da minti 45 ne.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe, ta saman Chadi da Sudan, sannan a tsallaka Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a awa idan ya daidaita a sama, wato awa huɗu cif a lissafi. Sauran mintocin na tafiya ne a kan titin jirgi, da hawa, da saukowa sannu a hankali, wani lokacin har da shawagi ana jiran izinin sauka, musamman a watan azumi da lokacin aikin hajji. Iska ma tana da tata rawar: da sanyi, iskar can sama ta fi busowa daga yamma, sai ta tura jirgi mai zuwa gabas, ta tare mai dawowa.

Amma fa kada ki riƙe wannan adadi kamar an sassaƙa shi a dutse. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙaru da wajen awa biyu, har kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kujera. Wanda kuma ya bi ta Alƙahira ko Adis Ababa, da jiran canjin jirgi, zai iya share yini guda a hanya.

Wani abin da yakan sa mutane asarar tikiti shi ne jirgin tsakar dare. Idan an rubuta 00:30 (wato ƙarfe 12:30 na dare) ranar Talata, tun ranar Litinin da dare za ki kasance a filin jirgi, awa uku kafin tashi. Kuma idan tafiyarki ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, hazo yakan jinkirta tashi da sauka a Kano, don haka maganin da kike sha kullum ya zauna a jakar hannu.