Kafin ka biya kuɗin kwas, duba kwamfutarka

Tambaya: Yaya, ina rubuta wa masu shagunan magani manhajar lissafin kaya. Na tara sefa dubu 150. In shiga kwas ɗin tsaron manhaja ne, ko na tantance haɗari? Tsoron kada a yi wa masu shagunan kutse ya hana ni barci. Daga ƙaninka a Garwa.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, wannan tsoron alamar riƙon amana ce. Riƙe kuɗinka tukuna. Jerin OWASP Top 10, na manyan ɓarakoki goma da ake shiga manhajojin intanet ta cikinsu, kyauta yake. Fara da shi: tace duk abin da aka shigar, kuma kada ka ajiye kalmar sirri a fili. Tantance haɗari kuwa, ka zauna da mai shago da biro da takarda. Me zai fi karya shi idan ya ɓace? Littafin bashi. Me ya fi saurin aukuwa? Wuta ta ɗauke, ko yaron shago ya haddace kalmar sirrin maigida. Sayi faifan ajiya na waje, ka riƙa kwafe bayanai kullum.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne manhajar sata, wato wadda aka kwafa ba lasisi. Na ga matashi da idona yana rubuta manhajar da za a haɗa da Orange Money, a kan Windows ɗin jabu da aka zuba masa daga filas a kasuwa, an kashe sabuntawa don kada a gane. Wa ya san abin da aka cusa a ciki? Ka kulle ƙofa, ɓarawo yana ƙarƙashin gado! A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci masu Windows har a asibitocin Ingila, alhali Microsoft, kamfanin da ke yin Windows, ya fitar da gyaran tun watan Maris, mutane ne ba su saka ba. Idan lasisin Windows ya fi ƙarfinka, ga Linux nan kyauta a madadinsa.

Tambaya: Wace riga-kafin kwamfuta mafi tsada zan saya don manhajata ta gagari masu kutse? Daga Marwa.

Amsa: Babu. Riga-kafi ba ta toshe ɓarakar da ka rubuta da hannunka.

Tambaya: Wani a WhatsApp ya ce zai ba ni satifiket ɗin tsaron intanet cikin kwana uku, ba jarrabawa. Daga Kusiri.

Amsa: Haba ɗan'uwa! Ko dala kada ka tura masa.