Tun da ba a kunna murya a jarrabawar WAEC, me zai sa in saurari Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, daga Kumo ta jihar Gombe, bana zan rubuta WAEC da NECO. Yayana ya ce kada in ɓata lokaci wajen sauraron Turanci, tun da a takarda ake amsa komai. Gaskiya ne? Sannan idan na zo kan dogon rubutun nan da ake yin tambayoyi a kansa, lokaci kan ƙure min kafin in gama.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Yayanki ya faɗi rabin gaskiya. A Najeriya ba a kunna wa ɗalibai murya a ɗakin jarrabawa kamar yadda WAEC ke yi a Ghana da Gambiya. Takarda ta uku ta jarrabawar Turanci, wadda kuke kira "oral", tambayoyi 60 ne na zaɓi a cikin minti 45. Amma fa kowace tambaya a kan sauti take, kuma rubutun Turanci mayaudari ne. Harafin "b" na "comb" da "debt" ba a furta shi. "Blood" da "food" sun yi kama a ido, a kunne kuwa hanyar jirgi daban ta mota daban. Wanda bai taɓa jin kalmar ba, sai dai ya yi canki-canki.

Mu Hausawa muna da wuraren tuntuɓenmu. Harshenmu bai raba "p" da "f" ba, shi ya sa "pan" da "fan" ke zame mana abu guda, "vote" kuma ta koma "boat". Ba mu saba jera baƙaƙe ba wasali a tsakani ba. Dubi yadda muka mai da "bread" burodi. Sai babbar matsalar: Hausa da karin sauti take aiki, Turanci kuwa da danna gaɓa ɗaya a kalma, har "record" takan zama suna ko aikatau gwargwadon gaɓar da aka danna. Amma muna da wata baiwa da nake so ki riƙe. Kunnen da ya raba garin Gombe da garin tuwo ya riga ya san dogon wasali da gajere, don haka "ship" da "sheep" ba za su gagare ki ba.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su haɗa kunne da ido a lokaci guda. BBC na da wani shirin koyon Turanci mai suna 6 Minute English, minti shida ne kacal, kuma ana samun rubutaccen abin da aka faɗa. Ki sauke shi a wayar yayan naki. Ki saurara sau ɗaya ba ki duba rubutun ba, ki sake saurara idonki na bin layi, a karo na uku ki riƙa maimaitawa da ƙarfi bayan mai magana. Duk kalmar da furucinta ya ba ki mamaki, ki rubuta ta a ƙaramin littafi. In babu data, akwai labaran Turanci na Rediyon Najeriya da ƙarfe 7 na safe da 4 na yamma, tashar Jewel FM ta Gombe na kawo su. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai.

Batun ƙurewar lokaci kuwa, takarda ta biyu awa biyu ce: insha'i maki 50, fahimtar rubutu maki 20, taƙaitawa maki 30. WAEC da kanta ta ba da shawarar minti 50, da 30, da 40. Na fi zargin kina tsayawa a kan kowace baƙuwar kalma, ko kina fassara jimla zuwa Hausa a zuci kafin ki wuce. Ki daina. Fara karanta tambayoyin, sannan ki bi rubutun har ƙarshe ba tsayawa. Ma'anar kalma takan fito daga maƙwabtanta.

Inda zuciyata ta fi ɓaci shi ne taƙaitawa, don nan yara masu ƙoƙari ke zubar da maki a banza. Suna kwafo jimlar marubucin sukutum, masu duba takarda kuma suna hukunta hakan. In an ce jimla uku, a ba da cikakkun jimloli uku, cikin kalmominki, ba misali ba ado. Ki samo tsohuwar jaridar Daily Trust, ki karanta sharhin edita da agogo a gabanki, ki rufe ta, ki rubuta abin da ya ce a jimla uku. Duk Juma'a ki kai wa malaminku na Turanci ya duba miki. Daga wata biyu kafin jarrabawa kuma, ki koma kan tambayoyin shekarun baya, kina amsa su cikin ainihin lokacin da aka ɗiba.