Aiki ya kawo ni Zariya, ina kwana ni kaɗai: ko na faɗa cikin abin da Annabi ya hana?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mutumin Gusau ne, aiki ya kawo ni Zariya, na kama hayar ɗaki a Samaru. Mai ɗakina da ɗanmu suna can gida wurin mahaifana, domin albashin bai kai in ɗauko su ba tukuna. Ban san kowa ba sai abokan aiki, su kuma da an tashi kowa ya kama gabansa. Wani ɗan'uwa ya turo mini hadisi ta WhatsApp cewa Annabi (SAW) ya hana mutum ya kwana shi kaɗai, har ya ce mini zaman da nake yi saɓo ne. Maganar ta tsaya mini a rai. Sannan tun da na zo ƙasaru nake yi, don ina ganin ni matafiyi ne. Kewar gida kuma tana damuna ƙwarai, wani daren har da hawaye, ina tsoron kada ya zama rashin tawakkali ne. Malam a ba ni haske.

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, kwantar da hankalinka. Zaman da kake yi halal ne, ba ka cikin saɓo saboda shi. Ka fito neman abin da za ka ciyar da iyalinka, ciyarwar kuma wajibi ce a kanka. Allah ya ce a Suratul Mulk, aya ta 15, mu yi tafiya a sassan ƙasa mu ci daga arzikinsa, a ƙarshen Suratul Muzzammil kuma ya ambaci masu tafiya neman falalarsa kafaɗa da kafaɗa da masu yaƙi a tafarkinsa.

Hadisin da aka turo maka yana da asali, ɗan'uwan bai ƙirƙiro shi ba. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya hana kaɗaita, wato mutum ya kwana shi kaɗai ko ya yi tafiya shi kaɗai. Amma lafazin da Buhari ya kawo daga sahabin nan ɗaya ya tsaya ne a kan tafiya: da mutane sun san abin da na sani game da kaɗaita, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Babu zancen kwana a cikinsa. Shi ya sa malaman hadisi suka kasu biyu, wasu suka inganta ƙarin, wasu suka ce wani maruwaici ne ya kaɗaita da shi ya saɓa wa sauran. Mu ɗauka ma ya inganta. Ibnu Hajar ya naƙalto daga Imamuɗ Ɗabari cewa hanin tafiya mutum ɗaya hani ne na ladabi da shiryarwa, saboda abin da ake ji wa mai kaɗaici tsoro, bai kai ga haramci ba. Buhari da kansa, a babin da ya kawo wancan hadisi, ya kawo yadda Annabi ya aiki Zubairu ɗan Awwam shi kaɗai leƙen asiri a yaƙin Khandaƙ, Muslim kuma ya kawo aiken Huzaifa shi kaɗai cikin dare mai tsananin sanyi a yaƙin nan. Abin da ya tsaya a matsayin makaruhi, buƙata tana ɗauke karhancinsa, buƙatarka kuwa a fili take. Bugu da ƙari, mai ɗaki a gidan haya, da maƙwabta a dama da hagu, wanda in ya ɗaga murya za a ji shi, ba daidai yake da wanda ya kwana a kango ko a dokar daji ba.

Sai dai kada jin halal ya sa ka jefar da hadisin. Ka dubi dalilin hanin, domin shi yana nan bai gushe ba. Mutum shi kaɗai zazzaɓin cizon sauro zai kwantar da shi babu mai miƙa masa ruwa. A hunturun Zariya wani zai shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga, ko ya tayar da janareto a lungun da hayaƙi ke komowa ciki, iskar nan mai kisa kuwa ba ta da wari, barci kawai take sa mutum. In babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, sai a wayi gari ana salati. Kiyaye rai wajibi ne, saboda haka lallai ne wani a gidan nan ya san fitarka da shigarka, ya riƙe lambar wayarka da ta wani naka a Gusau. Lafazin Buhari kuwa ya hau kanka kai tsaye ranar da za ka gida: hanyar Funtuwa zuwa Tsafe kowa ya san halin da ake ciki, ka yi sammako, ka bi ayari, kada ka yi dare.

Ƙasarun nan ka daina shi daga yau. A mazhabar Imamu Malik, wadda Risala da Muhtasar suke kanta, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, gwargwadon salloli 20, hukuncin tafiya ya yanke masa, sai ya cika salla. Hanafawa sun ce kwana 15. Ko malaman da ba su iyakance kwanaki ba suna magana ne a kan wanda ke jiran biyan wata buƙata ya wuce. Kai kuwa ka karɓi aiki, ka biya kuɗin haya, ka shimfiɗa katifa ka sayi tukunya, mazauni ne kai, Juma'a ma ta wajaba a kanka. Ƙasarunka yana kan hanya ne kawai, in ka wuce gine-ginen gari, tunda tsakanin Zariya da Gusau ya zarce mil 48 da malamanmu suka gindaya, kimanin kilomita 80 ke nan. Da ka shiga Gusau kuma sai ka cika, garinka ne kuma iyalinka suna ciki. Sallolin Azahar da La'asar da Isha da ka yi raka'a biyu-biyu a Samaru ka ƙiyasta adadinsu ka rama, ba ka da zunubin ganganci tunda rashin sani ne. Ahalari ya ce wanda yake rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci; in aiki bai bar ka ka kai haka ba, ka yi iyakar ƙoƙarinka kullum ba fashi. Duk wadda ka yi bayan limami ka cika tare da shi, ta yi, babu ramuwa.

A nan ne hankalina ya fi tashi, ɗana. Wanda ya daɗe yana ƙasaru ba wanda ya gyara masa, alama ce a ɗaki yake sallarsa. Da sahu kake shiga, da limami ya cika da kai, wannan ramuwa ma ba ta taso ba. Kwana kai kaɗai lalura ce ta sa ka, amma salla kai kaɗai babu lalurar da ta sa ka, a garin da kusan kowane layi da masallacinsa. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Abud Darda'i cewa Annabi (SAW) ya ce babu wasu mutum uku a ƙauye ko a daji da ba a tsai da salla a cikinsu face Shaiɗan ya rinjaye su, ya ce ka lizimci jama'a, domin kyarkeci tunkiyar da ta yi nisa da garke yake ci. Wannan hadisi ya fi shafarka a kan wanda aka turo maka.

Abin da nake umartarka da shi ke nan. Ka zaɓi masallaci ɗaya, mafi kusa da ɗakinka, ka lizimce shi Asuba da Magariba da Isha, kada ka riƙa yawo yau nan gobe can. Bayan sallama kada ka zari takalmi. Ka miƙa wa na kusa da kai hannu, ka je ka durƙusa ka gai da liman da dattawan da ke zaune a tabarmar ƙofar masallaci, ka ce, "Baba, ni baƙo ne daga Gusau, aiki ya kawo ni, ina gidan haya na bayan nan." Maganar ba ta fi haka ba. In an ce gobe akwai suna ko ɗaurin aure a layi, ka tsaya a yi da kai. In an yi rasuwa ka bi jana'iza har maƙabarta, ka dawo ka zauna a zaman makoki ko na ɗan lokaci ne. Abin da nake so ka kai gare shi shi ne ranar da ba a gan ka a sahun Asuba ba, wani ya ce, "Ina Bagusayen nan, ko lafiya?" ya aiko yaro ya duba ka. Ranar da ka samu mai cigiyarka, illar da hadisin kaɗaici yake gudu ta kau daga kanka, ko da kai kaɗai kake rufe ƙofa.

Zariya kuma ba baƙuwar baƙi ba ce. Sabon Gari da Tudun Wada baƙi ne suka raya su tun farkon zamanin Turawa, Samaru da kake ciki kuwa tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 take karɓar mutane daga kowace kusurwa. Tun kafin wannan almajirai suke niƙo gari zuwa zaurukan cikin birni irin na Unguwar Juma da Kona don karatun nahawu da lugga da fiƙihu. Abin takaici ne mutum ya zauna a Zazzau ya koma gida bai sauke ko littafi ɗaya ba. Ka nemi malami a unguwarku ka ɗauki Ahalari ko Iziyya tsakanin Magariba da Isha. Tambayar ƙasarun nan kanta ta nuna kana buƙatarsa, kuma lokacin nan ne kaɗaici ya fi cin mutum.

Kewar gida kuwa ba rashin tawakkali ba ce, waɗanda suka fi mu imani sun yi ta. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa da Muhajirai suka isa Madina, zazzaɓi ya kama Abubakar da Bilal. In ya ɗan saki Bilal sai ya ɗaga murya yana begen Makka, yana ambaton ciyayin kwarinta da ruwan Majanna da duwatsun Shama da Ɗafil. Annabi bai tsawata masa ba. Addu'a ya yi: ya Allah ka sanya mana son Madina kamar yadda muke son Makka ko fiye. Ka ari wannan addu'a ka roƙa wa kanka son inda Allah ya ajiye abincinka. Malik ɗan Huwairis ma ya ce sun zauna wurin Annabi kwana 20 suna samari, da ya ga sun yi kewar iyalansu sai ya ce su koma gare su. Hawayenka na dare rahama ce da Allah ya sanya a zuciya, babu laifi a ciki. In dai abin ya zarce, barci ya ƙaurace maka makonni, abinci ya fita ranka, aiki ya gagara, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, to ka ga likita ba tare da jin kunya ba, ga asibitin koyarwa nan a Shika kusa da kai. Neman magani umarnin Annabi ne, ka haɗa shi da addu'a.

Akwai haƙƙin da ba ka tambaya ba, amma ba zan tsallake shi ba, na mai ɗakinka. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa tsawon rabuwa da iyali, wata huɗu a wata ruwaya, shida a wata. Wannan iyaka ce ta ƙarshe ga masu yaƙi a nesa, kai kuwa tafiyar yini ɗaya ce tsakaninku. Ku yi shawara da ita a kan lokacin zuwanka, ka cika alkawari, ka kira ta kullum, ka kira mahaifanka. Ka sa ɗauko ta a gaban duk wani buri na kuɗi, ko ɗaki ɗaya ne ku zauna, da yardarta da shawarar iyaye.

Na faɗi haka ne don na san inda Shaiɗan yake shigo wa mai aure da ke zaman gwauro. Ka dawo daga aiki, ka sayo Indomie da ƙwai wurin mai shayi a leda, ka tura ƙofa ka sa sakata, waya a hannu har ƙarfe ɗaya na dare, babu uwa babu mata babu wanda zai leƙo. Ibnu Majah ya ruwaito daga Sauban labarin mutanen da za su zo da ayyuka kamar duwatsun Tihama a mayar da su ƙura, saboda in sun kaɗaita da abin da Allah ya haramta sai su keta shi. Kallon haram a waya haram ne, hirar dare da matar da ba taka ba ƙofar ɓarna ce, shigar mace ajnabiyya, wato wadda ba matarka ba kuma ba muharramarka ba, ɗakinka kuwa, ko da sunan kawo abinci ko shara, keɓancewa ce da Annabi ya ce Shaiɗan ne na ukunku. A karɓi kwano a bakin ƙofa. Ka ajiye wayar nesa da shimfiɗa, ka yi alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka riƙa karanta Baƙara a ɗakin, domin Muslim ya ruwaito cewa Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta.

Abincin nan ma ka fito da shi waje wani lokaci. Annabi ya ce wa Abu Zarri in ya yi romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Ba mamaki a gidan hayar nan akwai wani ɗalibi ko ma'aikaci da ke cikin irin halinka, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara sallama. Kai ka fara. In ka samu wanda ka yarda da addininsa da amanarsa, bayan ka gwada shi a salla da mu'amalar kuɗi, babu laifi ku haɗa haya, ka fita daga saɓanin malamai gaba ɗaya kuma ka rage kashe kuɗi. In ba ka samu irinsa ba, zamanka kai kaɗai ya fi maka zama da wanda zai ja ka zuwa abin da ka baro gida ba ka yi.

Allah ya sa albarka a aikinka, ya haɗa ka da iyalinka cikin gaggawa. Allah ne mafi sani.