Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙanwarta mai firgita

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ƙanwarki lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce tun da kuka baro ƙauyenku wajen Kolofata a arewacin Kamaru ba ta sake barcin kirki ba, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai jikinta ya ɗauki ɓari, an yi awo ba a ga komai ba, an kuma yi ruƙiyya. Kina tambayar inda za ki samu wanda ya iya wannan aiki, da ko maganin nan na hanyar jiki da kika gani a intanet gaskiya ne.

Ni ba likita ba ce. Maigidana yana kusa da babbar kasuwar Marwa ranar da bam ya tashi a watan Yulin 2015. Ko ƙwarzane bai samu ba, amma ya daɗe idan salansar babur ta buga a bayansa sai gumi ya karyo masa, ko yawu ya kasa haɗiyewa. Ni na yi ta yawon nema masa magani.

Don an ce ba a ga komai ba, kada kowa ya ce shagwaɓa take. Jikin da ya ga mutuwa ido da ido yakan zauna cikin shirin gudu: zuciya na sauri, numfashi gajere, wuya da kafaɗa a ɗaure, ciki ya ƙi abinci. Masifar ta wuce, jikin ne bai samu labari ba. Idan abin ya haura wata guda yana hana mutum harkokinsa, ciwo ne sananne, kuma yana da magani. Ki dai tabbatar awon ya haɗa da hawan jini, ƙarancin jini da maƙoƙo, don su ma suna kawo faɗuwar gaba.

Ki fara tambaya a babban asibitin Marwa ko asibitin gundumarku, ki ce musu santé mentale, wato sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kike nema. Manyan likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a arewa, galibi suna kudu, irin su asibitin Jamot na Yawunde. Nan wajenmu nas da aka horar ko sikolog, wato masanin halayyar ɗan Adam mai magani ta hanyar tattaunawa, za ki fi samu, kuma kada ki raina su. Ƙungiyoyin agaji irin su MSF (Likitocin Na-gari-na-kowa) sun yi wannan aiki a Mora, akwai masu yi a wajen Mokolo da sansanin Minawao da aka buɗe a 2013, yawanci kyauta. Sai dai shirye-shiryensu kan buɗe su rufe gwargwadon kuɗi, don haka ki tambayi ma'aikatan lafiya wa ke nan yanzu.

Samun mutum ba shi ne wahalar ba, gane wanda ya iya ita ce. Wani da muka fara zuwa wajensa, a zaman farko ya sa Malam, wato maigidana, ya zayyano komai, har da gawarwakin da ya tsallake, ga mai fassara ɗan unguwarmu a zaune yana ji. Mun dawo gida ya kwana zaune, ya kuma rantse ba zai koma ba. Wadda Allah ya sa aka dace da ita ba ta tambaye shi labarin ba sam a farko. Ta tambayi barcinsa, ta tambayi inda tsoron ke zama a jikinsa, ta koya masa yadda zai saukar da numfashi, ta ce duk lokacin da ya ɗaga hannu za a tsaya. Sai da ya iya kwantar da kansa sannan suka shiga labarin, kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne ma'aunina har yau: mai gaggawar tono bai iya ba.

Kada kunya ta hana ki tambayar mutum wace hanya yake bi, ina ya koya, zama nawa za a yi, wa zai ji abin da aka faɗa. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanyoyi biyu: zaman magana da ke tunkarar abin da ya faru daki-daki, da EMDR, inda mutum ke tuna abin yana bin yatsan mai magani da ido dama da hagu. Akwai kuma NET, wadda masana a jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara, aka gwada ta kan 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda. Ana shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, a ɗora dutse wajen baƙin ciki, fure wajen farin ciki, a bi su ɗaya bayan ɗaya. A ganina ta fi dacewa da mutanenmu, don ba ta buƙatar boko, kuma da yawanmu ba dutse ɗaya gare mu ba.

Batun jiki kuwa, yana taimakawa ƙwarai, amma binciken da aka yi kan irin su Somatic Experiencing na Peter Levine, hanyar da ke lura da abin da jiki ke ji, bai kai na waɗancan yawa ba. Ki ɗauke shi mataimaki. Abin da ya amfane mu ba ya cin ko sefa ɗaya: shaƙar iska a hankali a fitar da ita a tsawon da ya fi na shaƙar, danna tafin ƙafa a ƙasa ana faɗin sunayen abubuwan da ido ke gani, ruwan sanyi a fuska, tattaki bayan asuba, jan carbi ana daidaita shi da numfashi. Bidiyon nan da ake sa mutum karkarwa da gangan, kada ta yi shi ita kaɗai, yana iya tayar da abin da ba wanda zai kwantar. Kaho ya sassauta wa Malam ciwon kafaɗa, amma bai taɓa firgitar ba.

Ki kula da wannan sosai tunda mace ce. Babu maganin kirki da ke buƙatar a tuɓe ta ko a taɓa ta ba da yardarta ba. Ku nemi mace, kuma idan fassara za a yi, kada a ɗauko 'yar unguwa. Ba ki san duk abin da ya same ta a hanyar gudu ba, wataƙila ba ta faɗa wa kowa ba, shi ya sa ko tausa za ki yi mata ki fara tambayar ta.

Ruƙiyya ku ci gaba, mu ma ba mu fasa ba. Amma inda ake duka, ko turare da barkono, ko ɗauri da mari, ƙara mata tsoro kawai za a yi. Haka tramol da diyazefam na masu tebur: za ta yi barci yau, gobe ta kasa rayuwa babu su. Maganin da likita zai rubuta daban ne, yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana tsaka.

Idan ta fara zancen gara ta mutu, ko ta daina ci da sha, a ranar za ku tafi asibiti, kada a bar ta ita kaɗai. In ba haka ba, ki shawarce ta kafin ki kai ta ko'ina. Yanzu a wane gari kuke, kuma da wane harshe ta fi sakewa, Hausa, Fillanci ko Barbarci?