Kajina suna mutuwa, dillali yana bakin ƙofa

Wata Hajiya mai kiwon kajin ƙwai a bayan garin Kano ta aiko da tambaya. Tana da kaji 600, ga bashin mai abincin kaji a wuyanta. Cikin kwana uku kaji kusan 70 sun mutu, ƙwai ya ja baya, kan wasu ya kumbura, zankonsu ya yi baƙi. Wani dillali ya ce zai kwashe sauran a rabin kuɗi ya kai kasuwa tun kafin su ƙare. Ta ce, in sayar?

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Na san zafin da kike ji, domin wanda ya ga jarinsa yana faɗuwa ɗaya bayan ɗaya barci ma ba ya zuwa masa. Amma kada ki sayar.

Alamomin da kika faɗa sun yi kama da murar tsuntsaye, kodayake wata cutar kaji da ake kira Newcastle ma tana kisa irin haka, musamman da hunturu. Da ido ba a rarrabe su, sai an gwada. Yau ɗin nan ki kira likitan dabbobi na gwamnati ya ɗauki samfur. Irin wannan gwaji cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato, ce ke tabbatar da shi.

Abin da ya sa na tsaya kai da fata shi ne, murar tsuntsaye ba a kaji kaɗai take tsayawa ba. A watan Fabrairu 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma a farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ta sake dawowa a 2015, Kano na cikin jihohin da ta fara ɓulla. Naman da ya dahu sosai ba shi ne abin tsoro ba. Haɗarin yana kan mai yanka, da yaron da ke fige gashi a bakin kasuwa, da uwar gida da za ta gyara kazar da hannunta, yara na wasa kusa. Mutanen nan ba su san daga wace gona kazar ta fito ba, ke kuwa kin sani. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne ko da a kan atamfa, balle a kan abin da zai taɓa rai.

Mu dawo lissafi. Dillalin nan ba tausayinki ya ji ba, ya ga riba ne. Motarsa da kejinsa daga gona zuwa gona suke yawo, ƙila ma irinsu ne suka kawo miki cutar, ko kuma kiret ɗin ƙwai na kwali da masu sari ke dawowa da shi. Idan aka bi sawu aka gano daga wajenki ta bazu, masu sarin da kika yi shekaru kina tarawa ba za su dawo ba. Sannan diyya, idan gwamnati ta bayar, a kan kajin da jami'ai suka ƙirga suka kashe ake lissafa ta, ban da waɗanda aka sayar a ɓoye. Gaskiya diyyar ba ta cika rufe asara ba, tana kuma daɗewa. A 2006 naira 250 aka sa wa kowace kaza. Duk da haka takardar shaidar cutar daga jami'ai tana da amfani, domin da ita za ki je wajen mai abinci ki nemi ya ɗaga miki ƙafa, ku raba biyan wata-wata. Ki je tun bai ji a bakin wani ba.

Kafin likita ya iso, ki rufe ƙofar gonar, ba shiga ba fita. Matattun a haƙa rami mai zurfi a binne su da farar ƙasa, kada a jefa wa karnuka ko a bola. Mai kula da kajin ya sa safar hannu da takunkumi, ya ware takalmin aiki, kuma idan zazzaɓi ko tari ya kama shi ya je asibiti ya faɗa musu da kaji yake aiki. Idan an share an yi feshi, ki bar ɗakin aƙalla sati uku kafin ki zuba sababbi, ki fara da kaɗan. Kashin kajin ma, duk da masu lambu na rububinsa, wannan karon kada buhu ko ɗaya ya fita.